Andare, Karatun da Na Biya wa Ɗana

Ni na biya wa ɗana Italiyanci, ni da ko a mafarki ban taɓa ganin Italiya ba. Abin da ya ja mini shi ne ɗan bokon da na yi a Kano kafin mu zo aikin hajji da mahaifinsa mu ƙi komawa. Shi ɗan nawa a nan Makka aka haife shi, a wani ɗaki da ke bayan titin Mansur. Larabci yake karantawa kamar ruwa, Hausarsa rabi da rabi ce, baƙaƙen boko kuwa in ya gan su sai ya fara bin su daga dama zuwa hagu. Mahaifinsa ya rasu ya bar ni da shi da ƙanwarsa, babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Ni ina tuyar waina da safe, shi kuma yana tura alhazai marasa ƙarfi a keken guragu, wanda a nan ake ce wa arabiyya, yana turawa yana raba ido kada masu kame su hango shi.

Wata rana bayan la'asar ina tankaɗen gari ya zo ya tsuguna a gabana, ya miƙo mini wayarsa.

"Ummi, karanta mini wannan. Haruffan Turawa ne, wallahi sun gagare ni."

Na ce na me ne? Ya ce ai yanzu masu umara daga Italiya sun yi yawa, 'yan Maroko da 'yan Senegal mazauna can, 'ya'yansu ba sa jin komai sai Italiyanci. In ka gaishe su da yarensu, kai za su zaɓa ka tura musu tsohuwarsu. Maganar ta shige ni. Har daɗi na ji, na ce yaron nan ya fara hankali.

Kalma ɗaya ce a saman wayar, andare, wato tafiya. A ƙarƙashinta aka jero 'ya'yanta: vado, vai, va, andiamo, andate, vanno. Ina tafiya, kana tafiya, yana tafiya, haka har zuwa suna tafiya. Na duba sama na duba ƙasa, na ce, "Wannan wace irin kalma ce marar tarbiyya? Sunanta andare, amma in ni ce mai tafiyar sai ta rikiɗe ta zama vado? Ina kamar take?" Ya yi dariya ya ce matar da ke koyarwa a wayar ta ce irin kalmomin nan ne da ba sa bin doka. Na ce to kun dace, dangi ne ku.

Harafin farkon ma rigima ne. Ni bakina na Kano, sai in ce bado. Shi bakinsa na Makka, sai ya ce fado. Matar cikin waya kuma ta faɗi wani abu a tsakani, ta ƙaryata mu duka. Ƙanwarsa tana gefe tana dariya har da riƙe ciki.

Haka muka mai da abin kamar makarantar allo. In biya, ya maimaita, yana rangaji gaba da baya kamar yadda yake yi a hadda. Muka gama na yanzu muka shiga na baya, sono andato, na tafi. Muka yi andavo, nakan tafi a da. Akwai wani mai wuyar sha'ani, che io vada, wanda wai sai ana fata ko ana shakka ake fito da shi. Akwai andrei, da na tafi in da hali. Kullum kalmar sai ta sauya riga, ni kuma in zage ta, shi ya haddace.

Da muka kai na gobe ne na fara zargin wani abu. Andrò, zan tafi. Sauran duk da waƙa yake rera su, wannan kuwa sai ya daina rangajin, ya faɗe shi a hankali yana kallon bango. Na ce masa, "Kai, wai mai tura keke ba kalmomi irin su zauna, riƙe, ina masaukinku ya kamata ya koya ba? Kullum tafiya, tafiya?" Ya ce ita ce mai taurin kai, in ya kayar da ita sauran masu sauƙi ne. Bayan kwana biyu ya tambaye ni ko Kano da Agadas akwai nisa. Wata rana kuma, ina kwashe waina daga tanda, ya ce, "Ummi, kin taɓa shiga jirgin ruwa?" Har man ya fallatso mini a hannu ban ji zafinsa ba.

Babu wanda bai san hanyar nan ba a Mansur. Yaro zai daina gudu in ya ga masu kame, su ɗauke shi, a kai shi gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. A ɗauki zanen yatsunsa, abin da muke kira basma, wanda in an yi maka shi ƙofar dawowa ta rufe. Jirgi ya sauke shi a Kano. Daga nan mota zuwa Nijar, sai sahara, sai Libiya, sai kwale-kwalen roba a kan teku. Na taɓa zuwa ta'aziyyar ɗan wata maƙwabciyarmu da ya bi hanyar, zaman makoki babu gawa. Uwar tana zaune da waya a cinyarta, ana yi mata gaisuwa tana duba ko ta yi haske.

Na tsare shi na tambaye shi. Bai musa ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

"Ummi, ni ɗan ina ne? A nan aka haife ni, amma ko layin waya ba ni da shi da sunana. Ba aiki, ba aure, kullum gudu kamar ɓarawo. Halas, ya isa haka, na gaji."

"To can ɗin da takarda za su tarye ka? Kai da ko kwatami ba ka taɓa tsallakewa da ruwa a ciki ba?"

"Ko ba komai can ana jira a samu. Nan ko jiran babu."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce in ya tafi ban yafe ba, na dawo na janye don tsoron kada bakina ya bi shi cikin ruwa. Na rantse ba zan ƙara biya masa ko harafi ɗaya ba. Sai ya koma lungu da wayarsa yana yi shi kaɗai, yana kwaɓawa. Ina wajen murhu ina jin yana haɗa na jiya da na gobe, ina cije baki. Rannan ya ce andarò har sau uku, ban san sanda na daka masa tsawa ba, "Andrò ne, kai kurma!" Na gyara wa ɗana yadda zai ce zai bar ni, da bakina.

Na karɓi wayar daga baya, na gangara can ƙasa inda ba mu kai ba, wajen umarni da hani. Na samo abin da nake nema, na dube shi na ce, "Non andare." Kada ka tafi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kin fi ni iyawa, Ummi." Daga ranar ya daina karatun a gabana, har na fara yi wa kaina ƙaryar cewa ya haƙura.

Wata Juma'a da hantsi ya ce in shirya mu je Harami tare, ya daɗe bai yi ɗawafi da ƙafarsa don kansa ba, kullum na wasu yake turawa. Bai ɗauki arabiyya ba. Muka yi ɗawafi yana riƙe da hannuna, muka yi sallah raka'a biyu, ya ɗebo mini zamzam. Raina fari tas. Da muka nufi ƙofa sai na ga babu shi a gefena. Na waiwaya, na gan shi yana tahowa da baya da baya, fuskarsa na kallon Ka'aba, hawaye na zuba.

Na sha ganin alhazanmu suna wannan fitar ranar da za su koma gida, bayan ɗawafin bankwana, ba sa son juya wa Ɗakin baya. Malamai ma suna cewa ba a koyar da haka ba, amma mutane ba su fasa ba. Ɗan Makka ba ya yin ta. Wanda zai dawo gobe da asuba me zai yi wa bankwana? Na dafa ginshiƙi.

A farfajiya ya sumbaci goshina ya ce, "Wanda ya yi bankwana ba ya ƙara zama a Makka, kin sani. Ki wuce, Ummi. Kada ki waiwayo, kada ki nuna kin san ni."

Motar masu kame tana tsaye a bakin titi. Tun yana ɗan mitsitsi nake koya masa in ya ga irinta ya bi ta wani lungun, ga shi yau yana nufarta da ƙafarsa. In na yi ihu, in na riƙe rigarsa, ni ma za a tambaye ni iƙama, ƙanwarsa kuma tana gida ita kaɗai tana jiran mu dawo mu ci abinci. Na ja mayafina na rufe fuska na bi ayarin wasu mata. Ban waiwaya ba.

Ya kira daga Kano, yana mamakin yadda kowa ke jin Hausa. Ya kira daga Agadas. Daga Libiya ya turo murya, iska na kaɗawa a bayansa, ya ce, "Ummi, andiamo, muna tafiya. Ki yi addu'a." Daga nan wayar ta yi shiru, na zama maƙwabciyar nan tawa, ina tuya da waya a cinya. Na daina iya kallon ruwa a baho.

Ya tsallake. Wasu da suka shiga tare da shi ba su tsallake ba, bai taɓa gaya mini yadda aka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Yana can Italiya yana tsinkar tumatir, yana jiran takarda. Shi basma ta hana shi shigowa, ni in na fita ba ni da hanyar dawowa wajen ƙanwarsa. Kwanan baya a waya yake tsokanata, wai ko na manta karatunmu. Na ce ya biya mini yadda ake cewa zan dawo. Ya ce, "Na iya, Ummi. Ba na so in yi miki ƙarya ne."