Abin da Nabara ya yi mini a makarantar kwana

Ƴan uwa da abokan arziki, tun ina yaro nake riƙe da wannan magana. Ko uwar ƴaƴana ba ta ji ta duka ba. Yau zan faɗa.

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka ɗauko ni daga ƙauyenmu kusa da Dumega, aka kai ni makarantar kwana a Dogon Dutsi. Innata ƴar bori ce. Wani babban ɗalibi mai suna Nabara ya samu labari.

Kullum in an tashi lakwal, wato makaranta, sai ya tara yara bayan ɗakin kwana, ana kaɗa kwano, ya ce: "Ɗan doguwa, hwaɗi mu gani!" In ban faɗi na yi birgima cikin rairayi kamar wanda bori ya hau ina kiran sunan innata ba, sai bulala.

Ciwon kai ya fara. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙi. In na ji ƙarar kwano, sai in nemi wurin ɓuya.

Daga nan tunanin mutuwa ya shige ni. Ina cikin aji, mushe, wato malaminmu, na koyarwa, ni kuwa zuciyata na ce mini in babu ni kowa ya huta.

Wata safiya na yanke jiki na faɗi a layi, aka kai ni likita. Aka ɗibi jini, aka duba fitsari, aka yi ta ba ni kinin da allura. Babana ya sayar da tunkiyarsa saboda magani. Ba a ga komai ba.

Malamin jinya, wani Kirista mai suna Yohana, ya zauna bakin gadona ya ce: "Jininka lahiya lau. Mi ke cin ka, yaro?"

Na ce: "So nike in mutu."

Bai yi mini tsawa ba. Ya bar ni na yi kuka na gaya masa duka, sannan ya aika Dumega. Inna ta zo a ƙasa, ƙura har gwiwa. Ta kama kaina ta ce: "In ka tahi, wa ka bar ma ni?"

Na yi watanni kafin in koma daidai. Yohana ya je wurin shugaban makaranta, aka raba mini ɗaki da Nabara. Hukuncinsa ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, har da haushi cikin abin da ya tashe ni. Na rantse Nabara ba zai ci abinci ranar bizne ni ba.

Kwanan baya ɗansa ya zo, wai tsoho ya makance, yana neman gafara. Na ce: "Kawo shi. Shi tara jikokinai, shi hwaɗa musu da bakinai abin da ya yi bayan ɗakin kwana." Har yau bai zo ba. Ni ma ban yafe ba.

Na gode wa Allah. Allah Ya saka wa Yohana, Ya jiƙan inna.

Iyaye, in ɗanku ya zo hutu ya rame, ya yi shiru, kada ku tsaya ga maganin zazzaɓi. Ku ja shi gefe ku tambaye shi. In ya ambaci mutuwa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi likita ranar. Kai kuma yaron da ake yi wa, faɗi sunan mai yi maka. In na farko bai saurare ka ba, gaya wa wani.