Shanun Kawu marasa fenti

Jiya a Dungas na tarar da kawuna yana jera ƙananan shanun laka da yake ginawa a cikin kwalayen ƙwai, kowace da raminta, maruƙa daban. Duk ya yi musu fenti, sai kwali guda ne ko ɗigo babu.

Na ce, "Kawu, fenti ne ya ƙare? In sayo maka ranar kasuwa?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Duk shanun da na yi kiwo ne kafin fari ya ƙarar da su. Waɗannan na tuna ƙahonsu da halinsu, amma launinsu ya ɓace mini. Ba zan yi musu ƙarya ba."

Tun jiya nake neman launin akuyarmu ta farko a raina. Ku fa, kun tuna taku?