Sanda Kafinta da Kuregen Bayan Gida

Sanda kafinta ne a Sauka Kahuta, mutumin da ko gidan biki ya je sai ya taɓa ƙafar benci ya ce ta yi sako-sako. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya rufe shago, ya ƙera dandamalin katako a bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, wai nan zai huta.

Ina hutu! Kurege ya gano wurin, ya dinga gwaguyar gefen katakon. Sanda ya shafa baƙin mai, tabarmar matarsa Kyauta ta lalace, kurege ko a jikinsa. Ya barbaɗa barkono, shi da kansa ya wuni yana atishawa. Ya kewaye wurin da raga, kurege ya haƙo ta ƙasa. Daga nan ya koma gadi da danƙo a hannu, yana kai-kawo, yana ɓare gyaɗa, yana zagin kurege har kakanninsa.

Ran nan ya ɗaga katako ɗaya zai canza, sai ga gyaɗa zube a ƙasa, wadda ke suɓuce masa tana faɗawa tsakanin katakai.

Kyauta ta leƙo ta ce, "Malam, ashe kai ke ciyar da shi. Kuma ya fi ka morar wurin nan, don shi na sha ganinsa a zaune."

Sanda ya zauna. Ko numfashi bai gama saukewa ba ya ji katakon yana motsi, ya miƙe neman guduma.