Ranar Da Aka Ƙwace Wa Shago Sandunansa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen waɗanda muka yi firamare tare kafin a cire ni. Amma ranar da yayana ya sa aka zare sandunan tokare daga ƙarƙashin rufin shagonsa a Gumel, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A shekarun saba'in ne, bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi. Yayana dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, kuma shi farin ya karɓe shi, don mutanen Damagaram na sakin saniya kamar kaza. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, sai ya ce ya gaji da ginin ƙasa, shago zai yi a ƙofar gida mai rufin kankare irin na Kano, ni zan zauna ciki. Jin haka na sayar da gonar gadona ta Gagarawa, na sayi keken ɗinki sabo fil. Abin da na mallaka a duniya ke nan.

Birkila ya zo daga Kano. Ya kakkafa sandunan darbejiya a cikin shagon, ya shimfiɗa katako a kansu, ya ɗaura rodi, aka zuba kankare. Da zai tafi wani aikin ya ce, "Alhaji, abu biyu. A riƙa ba rufin nan ruwa safe da yamma, kuma kada a taɓa sanda ko ɗaya sai na dawo."

Motarsa ba ta gama fita gari ba yayana ya ce, "Ka ji mutumin birni! Abin da ake so ya bushe shi za a jiƙa? Rijiya sai an haɗa igiya da igiya, in shayar da siminti kamar ɗan maraƙi?" Shi dai a saninsa rufin soro rana ke gasa shi, ka ƙwanƙwasa ka ji tauri, magana ta ƙare. Ko moɗa ɗaya rufin nan bai sha ba.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na tsira. Sai ga taubashinmu daga Sule Tankarkar, mutumin da bakinsa ya fi almakashina kaifi. Ya leƙa shagon, ya fito yana riƙe da ciki, a gaban majalisa.

"Alhaji, wannan shagon naka da tsufansa aka haife shi? Kakarmu da sanda ɗaya take dogarawa, shi kuwa ya tattaro daji guda!"

Aka kwashe da dariya. Yayana ma ya yi, amma ni da na san shi na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Taubashi ba a yi masa fushi, sai dai a huce a kan wani. A kan sanduna ya huce.

Ya sa ranar walimar buɗe shago. Da safiyar ranar ya hau rufin da kansa, ya bubbuga da dunduniya, ya ce, "Dutse! A cire su, dama muna neman itacen kafa rumfa."

Na ce, "Yaya, birkila fa ya ce a jira."

"Birkila ne ya gina, ko ni? Kai, ɗauko keken nan ka kafa a ciki, mutane su ga na tsayar da ƙanena."

Kun ji fa. Gonata ta sayi keke, amma shi ya tsayar da ni. A gidanmu kuwa ƙane ba ya maimaita wa wansa magana. Na kinkimo keken na kafa a tsakiyar shago, na goge shi yana ƙyalli.

Bayan la'asar rumfa ta cika, malamai sun ɗaga hannu ana neman albarka, na fito karɓar kwanon tuwo. Sai muka ji wani ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Kafin a shafa fatiha rufin ya zauna gaba ɗaya. Ƙura ta turnuƙe, kowa ya yi ta kansa. Taubashin nan mai baki takalmi ɗaya ya koma da shi Sule Tankarkar. Ba wanda ya ji ciwo. Da aka tone, keken ya zama faifai.

Abin da ya fi ƙona min rai jaje ne. Gari duka ya zo, amma wurin Alhaji. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce kambun baka ne, a nemi rubutu. Ba wanda ya ce sanda ce. Ni kuwa yayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gode Allah ba ka ciki." Diyyata ke nan.

Da birkila ya dawo ya tambayi ina sandunansa, aka nuna masa rumfa, ga dattawa na shan inuwa a ƙarƙashinsu.

An sake zuba rufin. Wannan karon yayana ya hana a taɓa sandunan har gara ta cinye su, ruwa kuwa sai da rufin ya yi gansakuka. Ya ba wani ɗan tireda hayar shagon, tunda ni ba ni da keke kuma. Har yau a keken wani nake faci a kasuwar Maigatari, ƙarƙashin rumfar zana, wadda ko ta faɗo kaina sai dai in kakkaɓe hula.

Abin da na koya shi ne, akwai mutumin da ya fi tsoron dariyar majalisa a kan rushewar gini. In ka gane shi, ko uwarku ɗaya ubanku ɗaya, ka gaishe shi da ladabi, ka ci tuwon walimarsa, amma kada ka ajiye abincinka a ƙarƙashin rufinsa.