Lawal Mai Fenti da Hannuna na Dama

Bari in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni: ni Iro, ni ne na fara kiran Malam Lawal mai fenti maye a Ƙofar Durbi. Karatun allona bai wuce izu biyu ba, boko kuwa aji ɗaya na yi aka sallame ni da fatan alheri.

Duk wanda ya san marigayin ya san gaisawa da shi aiki ne. Ka miƙa mashi hannu, to ka ba da aro. Bakinsa na "ina gajiya, ina iyali," shi kuwa yana juya tafinka, yana latsa wuyan hannu kamar mai tayin akuya. "Dunƙule. Buɗe. Kai, dubi yadda jijiyar nan ta miƙe!" Sai ya zaro gawayi ya zana a takardar buhun siminti. Bai taɓa sayen takarda ba. Wai tunda gwamnati ta haukace da gini, shi ya huta.

Lokacin kuɗin mai ne, kowa ya sayi mota sai an yi mata ado. Wani Alhaji ya kawo sabuwar gingimari a zana mashi ɗan dambe a bayanta. Kwana goma mota na tsaye, Lawal na zana hannu ɗaya yana gogewa.

"Haba Malam Lawal, hannu ne fa kawai!"

"Alhaji, daga gwiwa zuwa wuyan hannu ƙashi biyu ne. In ka kifa tafi sai su gitta juna. Mi kake so, in yi mashi muciya?"

"Ni dai lodi ke jirana a Legas!"

Haka motar ta tafi da ɗan dambe mai dantse kamar ya fito ya naushe ka, amma ko kai babu.

In aka yi rasuwa, shi ke riga kowa zuwa wankan gawa. Liman ya lura in an zo kan hannu sai wankan ya tsaya.

"Lawal, jama'a na rana suna jira."

"Allah gafarta Malam, ai wannan ne kaɗai ba ya ce mani in sake shi."

Mun sha dariya ranar. Wannan maganar ce daga baya muka mayar shaida.

A lokacin ina leburanci a wani gini a unguwar GRA. Ranar Laraba Lawal ya tare ni ya zana hannuna na dama, har ya ce bai taɓa ganin dantse mai kyau irin nawa ba. Ranar Asabar injin kwaɓa siminti ya ja hannun rigata. Likita ya yanke daga gwiwa. Gaskiyar magana, na waiga ne ina tsokanar wata mai fura. Wa zan iya gaya wa haka?

Da aka maido ni gida zazzaɓi ya rufe ni, tsofaffi suka zagaye tabarmata. "Iro, wa kake gani?" Na ce Lawal. Nan take tsakar gida ta ɗauka: ya zana Laraba, ya ci Asabar.

Samari suka jawo shi da fenti a riga. Aka ce ya tsallake ni sau uku, yadda ake sa maye ya saki kurwar wanda ya kama. In ya ƙi, duka. In ya yi, ya amsa laifi. Bai yi gardama ba. A tsallake na uku sai ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama, yana leƙen dungulmina.

"Wa ya naɗe wannan? Ya matse da yawa, jini ba ya wucewa. Ku sassauta."

Aka sassauta, washegari zazzaɓi ya sauka. Unguwa ta ce ka gani, ya saki.

Daga ranar ba wanda ya ƙara miƙa mashi hannu. A masallaci ana sallamewa kowa ya cusa nasa cikin riga. Masu motoci suka koma wurin wasu, wankan gawa aka hana shi. Ya zauna a zaure yana zana hannunsa na hagu, shekara da shekaru, kowane zane ya fi na baya rama. Ni kuwa ina wucewa ta ƙofar kullum, na san gaskiya, na yi gum.

Allah ya jiƙanka Lawal, ya yafe mani abin da na ɗora maka, ya miƙa maka littafinka a hannun dama.

Sau ɗaya na shiga wurinsa, da na ji ciwo ya kwantar da shi. Na tafi da niyyar neman gafara, na durƙusa, sai na ɓige da yi mashi sannu. Ya daɗe yana kallon hannun rigata da ke reto, sannan ya ɗago da ƙyar.

"Iro, an ce yatsun da aka yanke suna yi wa mutum ƙaiƙayi. Da gaske ne? Wanne ya fi damunka?"