Indo Mai Tsakiya ta Karofane ta Huta

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma, wani da wuri, wani bayan ya jima. Ranar Talata, kwana uku bayan Sallar Layya, sha uku ga Zulhajji na shekarar 1366, wato 28 ga Oktoba 1947 a lissafin Nasara, Allah ya karɓi ran yayata Indo, wadda kasuwannin Adar suka sani da Indo Mai Tsakiya. Ta cika da hantsi a ɗakinta a Karofane, mutane suna gona suna ɗaurin dammunan hatsi, kanta bisa cinyar ɗiyarta. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Ni ne Mamman baduku, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da wani abu tabarmata tana gefen tata a kasuwa, ni da layu da kube da takalma, ita da kayan adon mata.

Yaya, masu zuwa gaisuwa suna duban fuskata suna mamaki, don sun zaci za su tarar da ni a karye. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Amma abin da ya fi yawa a ƙirjina sauƙi ne, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ina so in rubuta dalili, don jikokinki su sa a karanta musu wata rana.

Wurin kakarmu kika koyi jera tsakiya, wato duwatsun ado, tun kina yarinya. Ba ki taɓa zura dutse a zare ba sai kin murza shi tsakanin yatsu kin ji ko yana da tsaga. Zarenki ke kike kaɗa abinki, ki murɗe shi riɓi uku, ki shafe da kaki. Matan garin Buza kan ce jigidar Indo sai mai ita ta gaji da ita, ba dai ta tsinke ba. Idan kika isa kasuwa kika buɗe adudu, kika jera murjani a faifai guda, duwatsun wuya a wani, awarwaro da 'yan kunne a bakin tabarma, 'yan mata kan kewaye ki har masu goro na kusa su fara ƙorafin an tare musu hanya. Wadda abin wuyanta ya tsinke ta zo da duwatsun a ƙulle a bakin zane, ko ba a wurinki ta saya ba, kikan ce ta zauna, ki jera mata kuna hira, ki kore ta idan ta soma maganar lada.

Sai shekarar fara ta zo, ta 1931. Fara ta sauka a kan hatsi yana cikin fidda kai, ta tashi ta bar mana kara. Kafin rani ya yi nisa rumbuna sun zama kango. Mijinki Isiyaku ya rasu a farkon bazara. Jaririnki Lurwanu ya bi shi bayan kwana ashirin. Ke kuma zazzaɓi ya kayar da ke, kwana da kwanaki ba ki san wanda ke kanki ba. Ya rage ɗiyarki Mairamu, 'yar shekara shida, wadda ta kai ko kuka ba ta iya yi, sai dai ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa mutum ido.

Na ɗauke ta a kafaɗa na nufi Tabotaki, ko Allah zai sa in samo ko dussa ce. A bakin rijiya na tarar da wani ayari zai gangara kudu, ƙasar Ingilishi. A cikinsu akwai mace guda ba ta da ɗa, ita da mijinta suna da jakuna biyu da ɗan sauran hatsi. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce in ba ta ita, za ta ciyar da ita. Na tabbata a raina ba za ki tashi ba. Na tabbata idan na koma da yarinyar gida, zan haƙa mata rami kusa da na ƙanenta. Na miƙa ta. Sunan matar kaɗai na tambaya, ta ce Kaltume. Garin da za su, ban tambaya ba. Har yau ban san abin da ya rufe mini baki ba.

Sai kika tashi. Ranar da kika fara zama da kanki kika jingina da bango, kika tambaye ni ina Mairamu. Na durƙusa na faɗa miki duka. Na jira zagi, na jira ki ce in fita miki daga gida. Sai kika ce:

"Ta ci wani abu kahin su tahi?"

Na ce ta sha fura.

Kika ce, "To."

Daga wannan ba ki ƙara tayar mini da maganar ba, shekara goma sha shida. Da kin zage ni, ina jin da ya fi mini sauƙin ɗauka.

Da ƙarfinki ya dawo kika ɗauki adudu. A da Buza da Tabotaki kaɗai muke ci. Sai kika ƙara da Madawa, kika ƙara da Keita, duk da duwatsun hanyar da ke yanke wa jaki kofato, kika ƙara da ƙananan kasuwannin da cinikinsu bai kai wahalar zuwa ba. Ni na san ba ciniki kike bi ba, shi ya sa ban taɓa barin ki ki tafi ke kaɗai ba. Duk wanda kika ji harshensa ya yi kama da na kudu, ko fatake, ko 'yan cin rani masu komowa, bayan an gama ciniki sai ki ƙara masa dutse guda gyara, ki ce:

"Wanga na tambaya na. In ka koma, ka tambaya mini wata yarinya, Mairamu, da anka tahi da ita shekarar hwara, hannun wata mata Kaltume. Uwarta na nan da rai, Karohane."

Kalmomin ba su taɓa sauyawa ba, sai dai "yarinya" ta koma "budurwa", daga baya ta koma "mace". Wasu suka yi miki alkawari, wasu suka yi dariya a bayan idonki. Sau uku aka kawo labarin da ya sa muka yi tafiyar kwanaki, muka tarar ba ita ba ce. A hanyar komowa ke kike ba ni haƙuri.

Da yaƙin Nasara ya tashi aka rufe iyaka, abu biyu suka yanke miki lokaci guda: duwatsun da fatake ke kawowa daga kudu, da mutanen da kike aikawa da tambaya. Sau ɗaya kika gwada ƙetarawa, gardawan iyaka suka ce ba ki da takardar kumandan, Baturen mulki, suka koro ki. Masu sana'arki da yawa suka naɗe tabarma a shekarun nan. Ke kika koma kan ƙodagon goriba, kina sassaƙa shi ƙanana, ki huda da basilla mai zafi, ki goge da yashi har ya yi sheƙi. Kika sa ni ina yanka miki jar fata siri-siri kina kitsawa. Alƙasim maƙerin fari na Buza ya riƙa buga miki zobba daga kwanson harsashi. Na tuna wata amarya a Tabotaki, an tafi da ubanta aikin dole, ba ta da ko abin da za ta rataya a wuya ranar tarewa. Kika kwana biyu a garin kina jera mata na ƙodago, kika cire murjani guda daga wuyanki kika sa a tsakiya. Ta zo gaisuwa jiya da 'ya'ya uku, yana wuyanta.

A shekarun nan ne idonki ya fara yin hazo. Ba ki daina aiki ba. Kikan sa a ware miki launuka a ƙoƙuna daban-daban, sauran kuma yatsunki sun sani. Ni dai tsoro ya shige ni. Na riƙa cewa a raina, ko da Allah ya kawo Mairamu yanzu, da wane ido za ki gane ta? Idan kuma kika tafi kafin ta zo, da wace fuska zan tsaya a kan kabarinki?

Lalla ce Allah ya yi sanadi da ita, Buzuwar nan mai sayar da tabarmi da ke zama hagu da ke a kasuwar Madawa. Da aka buɗe hanya, danginta suka gangara kudu da dabbobi, ta bi su. A wani ƙauye wajen Gwadabawa ta shiga gidan suna da tabarminta, hira ta kawo hira, ta ba mata labarin tsohuwar Karofane mai ba da dutsen tambaya. Wata tsohuwa a cikin taron ta tashi ta shige ɗaki. Da mutane suka watse ta kira Lalla, ta kwance bakin zanenta ta nuna mata dutse guda. Ta ce shekara tara ke nan da wani falke ya kawo mata shi da saƙonki. Ita ce Kaltume. Ta ɓoye, don ba ta da kowa sai yarinyar, ta raine ta, ta aurar da ita, tana tsoron a raba su. Ta ce ta zaci za ki gaji ki bari. Da ta ji har yanzu kina tambaya, ta kasa haɗiyewa. Ranar ta zaunar da Mairamu ta faɗa mata sunan garinsu, wanda yarinyar ta manta tuntuni, Lalla kuma ta faɗa mata kasuwar da za ta same ki.

Mu ba mu san an yi haka ba, don Mairamu ta riga Lalla isowa. Ranar kasuwar Madawa ce, tsakiyar rani, rana ta take. Wata mace da goyo ta zo ta tsuguna gaban tabarmarki, mijinta yana tsaye can nesa riƙe da jaki da wata yarinya. Ba ta taɓa komai ba. Kika gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Kika ji harshen kudu, sai kika laluba ƙoƙo kika ɗauko dutse, ko ciniki ba a yi ba, kika fara tambayarki. Ta bar ki kika kai har ƙarshe, har "Karohane". Sannan ta kama hannun naki da dutsen a ciki ta ce:

"Inna, bar tambaya hakanan. Ga ni."

Ba ki yi kuwwa ba. Kika ɗora tafin hannu a fuskarta kina shafawa, goshi, kunne, haɓa, kamar yadda kike duba dutse. Faifan murjani ya kife, ya watse cikin rairayi, matan kasuwa suka durƙusa suna tsince miki suna kuka. Ni kuwa ina kan tabarmata ina kallon ku. Ina zaune Mairamu ta juyo ta dube ni ta ce, "Kawu, kai ka ɗauke ni bisa kahwaɗa." Na sunkuyar da kai, na ce ni ne. Ta ce, "Na tuna hurar da ka ba ni bakin rijiya. Kai ba ka sha ba."

Mutane suka so ki yi fushi da Kaltume saboda shekarun da ta ɓoye. Alƙasim ma ya ce a kai maganar gaban alƙali. Ke kika ciro murjanin kakarmu, wanda ko a shekarar fara ba ki rabu da shi ba, kika ba mijin Mairamu ya kai mata. Kika ce, "Ni na haihe ta, ita ta raya ta. Ku ce mata ban riƙe ta da komi ba."

Wata bakwai kuka yi tare. Kika koya wa Mairamu murɗa zare da ƙullin da ba ya kwancewa. Jikarki Fatsima ta zama idonki wajen ware launi. Da damina ciwon ƙirji ya kama ki, ya tsananta bayan azumi, har numfashi ya zama miki aiki. Ba na so in tuna makonnin ƙarshe. Na gode wa Allah da bai tsawaita su ba. Kwana biyu kafin ki cika, da safe, na tattara ƙarfin da na kasa tattarawa shekara goma sha shida, na ce ki yafe mini. Kika yi murmushi kika ce:

"Mamman, da ba ka miƙa ta ba, da wa za ya rufe mini ido? Tashi ka tahi gona, hatsi na jiran ka."

Na tashi na tafi gona. Ban taɓa jin dami ya yi mini sauƙi a ka kamar ranar ba.

Bayan sadakar arba'in Mairamu za ta koma ɗakin mijinta. Adudunki ita za ta tafi da shi, haka kika ce. Ni zan raka ta har ƙofar gida, in gaishe da Kaltume, in ga wurin da idona.

Ina miƙa ta'aziyya ga Mairamu da mijinta Muntari da 'ya'yansu. Ga Kaltume, wadda ba ku taɓa haɗuwa ba amma ta aiko da goron gaisuwa. Ga Lalla da Alƙasim, da dukan matan Buza, Tabotaki, Keita da Madawa da suka saba tsugunawa gaban tabarmarki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Ya Allah, ga baiwarka Indo ta zo maka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka mayar mata da ganinta fiye da na ƙuruciya. Ka sada ta da Isiyaku da Lurwanu a gidan rahama. Haƙurin da ta yi da ni, ka yi mata wanda ya fi shi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, a cikin namu, ba mu bar kowa yana nema ba. Amin.