Shekarar da Na Zama Kayan Kakana

Ɗazu da safe wata babbar mota ta danna ham a bakin titinmu, mai kauri, mai ja, sai na tsinci kaina tsaye da kofin shayi a hannu ina murmushi ni kaɗai. Sak ƙahon kakana. Bari in ba ka labarin shekarar da ƙahon nan ya kusa barin hannunsa.

Ƙauyenmu a gindin duwatsun Doguwa yake. Idan an gama girbin masara, ciyawa ta fara bushewa, maharban gari kan shiga duwatsu su yi kwana huɗu ko biyar, kowa da bakansa da goran ruwa da burgamin guzuri. Amma ba da kowa ake tafiya ba. Akwai gwajin da kakana da kansa ya kafa tun yana sarkin baka: ka hau dutsen bayan gari ɗauke da kaya mai nauyin gada, kana isa sama, ba hutawa, ka busa ƙaho har a ji a cikin gari. Wanda numfashinsa ya yanke, ya zauna a gida, ya kuma miƙa ƙahonsa ga wani. Hujjarsa ita ce, wanda ya kasa a daji mutum biyu yake hana farauta, masu ɗauko shi.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da kakana kusan wata biyu, ya tashi ƙafafunsa kamar kara. Sabon sarkin baka, wanda a hannun kakana ya koyi harbi, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, bana ka huta. Mu kawo maka cinya har gida."

"Cinyar da ban bi da ƙafata ba?" in ji kakana. "Ranar gwaji ka kasa kunne."

Kakata ta ce ba da ita za a yi wannan gangancin ba. Ta ɓoye buhun da yake cikawa da yashi, ta kulle rumbu don kada ya ɗauki damin dawa. Kakana ya duba nan, ya duba can, sai idonsa ya faɗo kaina, ina ɗan shekara shida, ina suɗar kwano. Ya ce, "Abokina, ai kai nauyin gada gare ka. Taso."

Tun daga ranar, kullum da sassafe sai ya goya ni da tsohon zanen kakata, maza na dariya a ƙofar masallaci, shi ko a jikinsa. Makon farko a gindin tsamiya muka tsaya, yana haki har ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina. Mako na biyu muka kai fakon dutsen da birai ke shan hantsi. Har yau ina jin ƙanshin man kaɗanyar da yake shafa wa gwiwoyinsa, da raɓar da ke jiƙa min ƙafa. Takunsa gajere ne, bakinsa a rufe, da hanci yake numfashi. Ni kuwa ina bisa ina waƙa, a ganina duk duniya ba wanda ya kai ni jin daɗi.

Sai kuma abinci ya buɗe mini. Fura da kindirmo da safe, dafaffiyar gyaɗa da hantsi, tuwo malmala biyu da rana. "Ci, maigidana, ci," in ji kakata. Na ɗauka ƙauna ce zalla, sai da na ji tana ce wa mahaifiyata, "Sai na mayar da yaron nan buhu, mu ga mai gajiya." Kumatuna suka cika, zanen goyo ya fara kasa ɗauruwa. Kakana ya ce, "Abokina, duwatsu kake haɗiya ne?" Amma ko rana ɗaya bai fasa ba.

Ranar gwaji aka ba kowa jakar fata cike da yashi. Kakana ya ɗaga tasa, ya jinjina ta, ya kwashe da dariya. Ni aka bar ni a gida, ina kumbure-kumbure wai an yi min ƙwace. Kakata na daka. Muka ji ƙahon samari ɗaya bayan ɗaya, sannan shiru. Shirun ya yi tsawo har taɓarya ta tsaya a hannunta. Na dube ta, na ga leɓɓanta na motsi da addu'a, tsoro ya kama ni.

Sai ga ƙarar ƙahon kakana, mai kauri, mai ja, ta ƙi ƙarewa. Matar da ta kulle rumbu ita ce ta fara rangaɗa guɗa.

Da ya sauko ya ce mata, "Jakarsu ba ta kai rabin mijinki ba. Ke kika horar da ni." Bayan na girma na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta ce, "Kai dai ka sha fura. Me kuma kake nema?"

Yanzu duk sun rasu. Namun dajin sun yi nisa, samarin ƙauyenmu a kan babur suke zuwa gona, ƙahon kuma yana rataye a ɗakina a Kano. Likita ya ce in rage tumbi, ni kuma na ɗauki alkawarin bana in an yi girbi zan hau dutsen in busa shi. Don haka kullum da safe nake goya ƙaramar 'yata mu hau benen gidanmu mu sauko, kuma ban ɓoye maka ba, a zagaye na biyu nake neman bango. Shekaranjiya na ga mahaifiyata, da yanzu take zaune tare da mu, tana ƙara wa yarinyar ludayin kunu na uku, tana kallona ta gefen ido.